Darasin Wannan Wata: Gayya da Adashi Domin Iyayen Yara Masu Galahanga da Jinkirin Girma

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai da ke Jega da Aliero da Maiyama: Darasin wannan wata ba na taki ba ne, ba kuwa na ajiyar albasa ba. Amma ya shafi gona ƙwarai, gama ya shafi hannuwan da ke noma ta. A karanta shi a taron ƙungiya, maza da mata tare in ya yiwu, a riƙa tsayawa ana tattaunawa.

Kafin a fara, magatakarda ya buɗe littafin sunaye, ya duba waɗanda suka daina zuwa taro cikin shekara biyu ko uku da suka wuce. Waɗansu sun bar garin, waɗansu bashi ya kore su. Amma a yawancin ƙungiyoyin da nake zagawa akwai mace ɗaya ko biyu da ba su tashi ba, ba su ci bashin kowa ba, sun dai ɓace ne kurum. In an tambaya sai a ce, "Ai yaron nan nata ne ya riƙe ta." Daga nan sai a wuce zuwa maganar iri. Wannan yaro da wannan uwa su ne darasinmu.

Waɗanne yara muke nufi?

Ba iri ɗaya ba ne, ko da yake mukan tara su a bakin suna ɗaya marar daɗi. Akwai yaron da jikinsa lafiya lau, yana gudu, yana hawa katanga, amma in an kira sunansa ba ya juyowa. Ya kai shekara biyu bai taɓa nuna abu da yatsa ba, ba ya kawo wa uwarsa abin da ya tsinta domin ta gani. Wani ya soma cewa "Inna" da "ruwa", sai maganar ta ɗauke. Yakan jera marafan kwalba ko tsakuwa a layi, in an gusar da ɗaya sai kuka ba iyaka. In an tayar da injin niƙa ko injin ban ruwa sai ya toshe kunnuwansa. Likitoci suna kiran wannan hali otizim, a rediyo kuma za ku ji ana cewa galahanga. Ya fi bayyana ga yara maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Watau garin da ke da yara 500 bai kamata ya yi mamaki ba in ya sami kamar biyar.

A lura, mutane kan sa sunan galahanga a kan wani hali dabam, wanda likitoci ke kira da sunan Likita Daun na Ingila da ya bayyana shi a 1866. Wannan yaro ana gane shi tun yana jariri: jikinsa sake-sake, idanunsa sun ɗan karkata, harshensa yakan leƙo, komai nasa yana zuwa a makare. Ƙari ne da aka samu cikin ƙwayar halittarsa tun ranar da aka ɗauki cikinsa. Kusan rabin irin waɗannan yara ana haifarsu da lahani a zuciya, saboda haka tilas likita ya saurari ƙirjinsu da wuri.

Sai kuma yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni lokacin haihuwa ko yana ƙarami. Wuyansa ba ya tsayawa, gaɓoɓinsa sun sandare ko sun saki, haɗiya tana ba shi wuya. Shi ne wanda waɗansu ke kira ɗan ruwa, suna cewa musanya aka yi. Ba a yi musanya ba. Ɗanku ne, jininku, kuma sau da yawa yana fahimtar abin da ake faɗa a kansa fiye da yadda jikinsa zai iya nunawa. Wanda ya ba da shawarar a kai shi bakin gulbi a bari, shawarar kisan kai ya bayar.

Daga ina abin yake?

Galahanga irin ta otizim tana da nasaba mai ƙarfi da gado, tana kuma somawa tun yaro yana ciki. Ba maita ba ce, ba hannun kishiya ba ne, ba kuwa zunubin uwa ba. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Likitan Ingila da ya tayar da wannan ƙura a 1998, mujallar da ta buga maganarsa ta janye ta a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Kada mu ɗauko ƙaryar da masu ita suka zubar.

Raunin ƙwaƙwalwa kuwa, da dama daga cikin sanadinsa muna iya tsare su. Doguwar naƙuda a gida tana hana jariri numfashi a kan kari. Shawara, wadda ke mayar da idon jariri ruwan ɗorawa cikin makon farko, in ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa; shanya jariri a hantsi ba ya isa, a asibiti akwai fitilar da ake sa shi a ƙarƙashinta. A kuma daina sa kafur cikin kayan jarirai, gama yana tayar da shawara ga waɗansu. Zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga yana yin irin wannan ɓarna. Sanƙarau kuwa mun san shi. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, akasarinsu a Gwandu da Jega da Aliero. An ƙirga waɗanda suka mutu. Amma cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo, kamar 1 cikin 5 yakan fita da wani lahani, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko nauyin koyo. Suna nan cikin gidajenmu. Domin haka duk yaron da ba ya magana, abu na fari shi ne a gwada jinsa.

Iyaye ne suka fara

Bari mu ɗan leƙa tarihi, gama akwai abin ƙarfafa zuciya a ciki. A 1943 wani likitan Amurka mai suna Leo Kanner ya rubuta labarin yara 11 masu wannan hali na otizim. Bayan haka, shekara kusan ashirin manyan masana suna koyar da cewa laifin uwa ne, wai sanyin zuciyarta ne ya sa ɗanta ya janye daga mutane. Ashe ba uwar miji ta ƙauye kaɗai ke ɗora wa mace laifi ba, masu digiri ma sun yi. Waɗanda suka rushe wannan koyarwa iyaye ne. A 1962 waɗansu iyaye a Landan suka haɗu suka kafa ƙungiya, cikinsu har da Lorna Wing, likita wadda 'yarta ke da wannan hali. A Amurka wani uba, Bernard Rimland, ya fitar da littafi a 1964 yana nuna cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake, a 1965 kuma shi da waɗansu iyaye suka kafa tasu ƙungiyar.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Tun 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya ba da labarin yaran da ya samu da wannan hali a ƙasashen Afirka. A ƙasarmu ma iyaye ne suka ja gaba. A Legas, Rose Mordi, uwar yarinya mai halin Daun, ta kafa ƙungiyar irin waɗannan yara a 2001. Dotun Akande, uwar yaro mai otizim, ta buɗe cibiyar koyar da su magana a 2006. Ba wanda ya jira gwamnati ta fara. Legas dai da nisa daga Andarai ko Sabiyal, kuɗin da suke da shi kuma ba mu da shi. Amma abin da suka fara da shi, watau uwa ta sami wata uwa da ta san abin da take ciki, wannan muna da shi.

Abin da ke karya gida

Mutanen Aliero sun yi suna a ɗori. Ana kawo mai karaya daga nesa, a ɗaure, bayan 'yan makonni ya taka ƙafarsa ya koma gida. Wannan ya sa zuciyarmu ta saba da cewa kowane ciwo yana da mai shi, in dai an dace. Sai uba ya sayar da tunkiya ya je wurin wannan, ya sayar da buhun albasa ya je wurin wancan, ya jinginar da fadama ya kai yaron wani gidan addu'a. Ku ji da kyau: galahanga ba karaya ba ce, babu ɗorinta. Ba allura, ba saiwa, ba rubutu, ba man shafawa da ke cire ta. Duk wanda ya yanka muku farashin warkewa, kuɗinku yake so. Abin da ke akwai shi ne koyo. Waɗannan yara suna koyo, a hankali, kowa gwargwadon nasa, kuma malaminsu na kullum ita ce uwar da ke tare da su.

To, uwar nan fa? Ga yadda ranarta take. Ba ta iya barinsa da kowa, domin haka ba ta zuwa dashe, ba ta zuwa yankan shinkafa, ba ta kai kaya kasuwar Jega. Ɗan abin da take samu na kanta ya tsaya. Ta daina zuwa suna da biki domin kallon da ake yi musu. A sujada yaron ya yi ƙara sau ɗaya, aka juyo aka dube ta, ba ta sake komawa ba. Da dare ba ya barci, ita ma ba ta yi. Miji ya fara kwana a waje, danginsa suna cewa a danginsu ba a taɓa haifar irin wannan ba. A ganina yawancin gidajen nan ba yaron ne ke karya su ba. Kaɗaici ne da rashin hutu da asarar kwanakin aiki. Waɗannan ukun kuwa ƙungiyar gama kai ta san maganinsu tun kaka da kakanni, sunansa gayya da adashi.

Adashin lokaci

A fara da ƙanƙanta. Gidaje huɗu zuwa shida sun isa, na kusa da juna, yadda za a iya zuwa da goyo a ƙafa. A ce uwaye shida ne. A raba su biyu-biyu. A zaɓi safiya uku cikin mako. Kowace safiya mata biyu su zauna da yaran duka, sauran huɗun su tafi abin da ke gabansu. Kowace uwa ta zuba safiya ɗaya ta kwashi biyu. Wadda take so ta je gona ta je, wadda take so ta kwanta ta yi barci ta yi, kada kowa ya tambaye ta. Barcin ma aiki ne.

Kada a yi gaggawa. Manomin albasa ba ya cire iri daga komi ya dasa shi da tsakar rana ya juya baya. Makonnin farko kowace uwa ta zauna tare da ɗanta har ya saba da wurin da fuskokin. Sa'an nan ta fita na rabin sa'a, sa'an nan sa'a guda. Wurin ya zama ɗaya kullum, lokacin ma ɗaya, gama yaro mai galahanga canji yana firgita shi. A sami gida mai katanga da ƙofa mai rufuwa, ba rijiya a buɗe, nesa da injin niƙa. Kowace uwa ta bayyana wa sauran ɗanta dalla-dalla: abin da yake ci da wanda ba ya taɓawa, abin da yake tsoro, yadda yake neman ruwa ko bayan gida tun da ba ya faɗa, abin da ke kwantar da shi, da maganin da yake sha in akwai. Mai iya rubutu ta rubuta a ajiye.

Sau ɗaya a wata kuma su zauna su kaɗai su yi magana. Shugabar zaman ta zama ɗaya daga cikin iyayen. Kada ya zama fasto, kada ya zama ni malamin gona, kada ta zama matar wani babba wadda ba ta da irin wannan ɗa. Mu namu shi ne mu ba da ɗaki da tabarma mu fita. Dalili kuwa shi ne akwai maganar da uwa ba za ta faɗa ba sai a gaban wadda ta sani. Wata za ta ce akwai daren da ta yi fatan da ba ta haife shi ba. In ta faɗi haka a gabanmu za mu soma yi mata wa'azi. In ta faɗa a gaban 'yar'uwarta, amsar da za ta ji ita ce, "Yaya, ni ma na yi." Wannan amsa ba a sayar da ita a kowane kemis.

Dokokin zaman ba su da yawa. Abin da aka faɗa a ɗakin amana ne, ba ya fita ko wurin miji. Ba a gwada ɗan wata da na wata. Ba a tallar magani. Addu'a tana da kyau, a yi ta, amma kada a kuskura a ce wa uwa ƙarancin bangaskiyarta ne ya hana ɗanta magana. Wadda aka ga ta daina cin abinci, ta daina wanka, tana maganar mutuwa, kada a bar ta da zaman kaɗai, a raka ta wurin ma'aikacin lafiya cikin makon nan.

Wata magana kuma. Yawancin maƙwabtanmu a waɗannan garuruwa Musulmi ne, galahanga kuwa ba ta tambayar addinin gida kafin ta shiga. In uwar da ke bayan katangarku tana da irin wannan ɗa, a gayyace ta, a nemi yardar mai gidanta yadda ya dace, a sa zaman a lokacin da bai ci karo da salla ba. In ɗakin ikilisiya zai yi mata nauyi, a zauna a gidan wata. A gayyace ta domin ɗanta, ba domin wani abu da aka ɓoye a baya ba.

Abin da iyaye ke koya wa juna

Wannan ba tunanina ba ne ni kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wani tsari na horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, ta fitar da shi ga kowa a 2022 bayan an gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya. Zama tara ne na rukuni da ziyara uku a gida, kuma ba sai likita ne zai jagoranta ba. Gindin koyarwar mai sauƙi ne. Ki durƙusa fuskarki ta yi daidai da tasa. Ki bi abin da ya ɗauki hankalinsa. In marafan kwalba yake jerawa, ki zauna ki miƙa masa ɗaya-ɗaya. Ki yi magana gajere: "Ruwa." "Zo." "Ƙara?" Sa'an nan ki jira, ki ƙirga biyar a zuci, gama mu manya mun cika cike wa yaro baki. Ki ɗaga abu biyu, kunu da ƙosai, ki bar shi ya zaɓa da ido ko da hannu. Nuni ma magana ce. In ya yi daidai ki yaba masa nan take. Aiki kamar sa riga ko wanke hannu a gutsuttsura shi, a koyar da gaɓa ɗaya har ta zauna kafin a ƙara. In ya yi ta ihu yana buga kai, kafin a ɗauki bulala a tambaya: me ya faru daf da haka? Yunwa ce, ƙara ce, haƙori ne ke ciwo? Sau da yawa ihun saƙo ne daga wanda ba shi da wata hanyar aikawa.

A Gana kuma, wajen 2015 da 2016, an gwada rukunin iyayen yara masu raunin ƙwaƙwalwa tare da ma'aikatan ikilisiyar Firesbiteriyan ta ƙasar. Bayan kusan shekara guda aka ga hankalin iyaye ya fi kwanciya, sun kuma fi sanin yadda za su riƙe 'ya'yansu. Amma rashin ƙoshin abinci na yaran bai ragu ba. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai mu manoma. Zama da hira ba sa cika ciki. Yaron da haɗiya ke ba shi wuya a zaunar da shi tsaye, kansa ya ɗan sunkuyo, kada a ɗura masa yana kwance, gama abincin kan bi hanyar numfashi ya kawo ciwon haƙarƙari. A ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. A ƙarfafa kunun da gyaɗa ko waken suya ko ɗan mai, a sa garin zogale cikin miya, a yi amfani da gishiri mai aidin. Ƙungiya tana iya ware mudu kaɗan na gyaɗa da wake lokacin kaka domin waɗannan yara.

Farfaɗiya takan haɗu da kowanne cikin waɗannan halaye, saboda haka duk mai zama da yaran ta san abin yi. In ta tashi, a kawar da wuta da ruwa da abu mai kaifi, a kwantar da yaron a gefensa, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa wuta. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ta wuce minti biyar, sai asibiti. Farfaɗiya kam tana da magani, sai dai ana shansa kullum ne, ba a yankewa don an ga sauƙi.

Maganar turke

Na san gidajen da ake ɗaure yaro a turke kamar akuya, na kuma san ba mugunta ce ke sa yawancin iyaye yin haka ba. Tsoro ne. Ga Gulbin Zamfara a gefen Jega, ga kududdufai da ramukan ban ruwa a fadama, ga manyan motoci a hanyar Koko, ga galan na maganin feshi a bayan ɗaki. Yaron da ba ya jin kira, ba ya gane haɗari, ruwa kuma yana jansa, uwa ɗaya ba ta iya tsaronsa yini guda tana kuma daka. Amma igiya tana cin ƙafa, tana kuma cin hankali. Yaron da aka ɗaure ba ya koyon komai sai faɗa. A 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane, har da yara, daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, binciken da aka yi a shekarar nan kuma ya sami sarƙa a gidajen addu'a na Kirista ma. Kada mu nuna kowa da yatsa. A maimakon a tsawata wa uwa, samarin ƙungiya su yi gayyar yini ɗaya: su gyara danga, su sa ƙyaure mai sakata a sama, su yi wa rijiya murfi, su rataye maganin feshi inda hannu ba ya kai. A gaya wa masu shago da 'yan acaba na unguwa ɗan wane ne, domin in sun gan shi a hanya su dawo da shi. 'Ya mace kuwa a ƙara sa ido a kanta sa'ad da ta fara girma, gama miyagu sun san ba za ta iya ba da labari ba.

Rabon maza da na ƙungiya

'Yan'uwana maza, kada mu ce wannan darasin zumuntar mata ne. Uban da ya ɗauki ɗansa a kafaɗa ya fita da shi dandali ya rufe bakin unguwa fiye da wa'azi goma. In uwarka ta ce, "Ɗana, ka sake aure, wannan ba za ta ba ka 'ya'yan kirki ba," ka amsa mata da ladabi, "Inna, jikanki ne, ki sa masa albarka." Iyaye maza ma su sami nasu zaman, ko da a gindin bishiya ne bayan taro. A kuma tuna da yayar yaron, wadda aka cire daga makaranta domin reno. Adashin lokaci ya kamata ya mayar da ita aji.

Ƙungiya ta sa waɗannan gidaje a gaba cikin jerin gayya lokacin dashe da girbi, a kuma ɗauke musu nauyin dafa wa 'yan gayya abinci. Amma kada a mai da su abin sadaka, gama sadaka kullum tana sunkuyar da kai. Su biya da aikin da ake yi a gida: ɓarar gyaɗa, tsince iri, ɗinkin buhu, riƙon mabuɗin sito. A buɗe wani ƙaramin asusu a hannun ma'aji domin kuɗin mota kaɗai. Babban asibitin Jega ko na Aliero ko na Maiyama shi ne matakin farko, daga nan a karɓi takarda zuwa asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya a Birnin Kebbi. Gwaje-gwaje masu zurfi kuwa akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Iyaye biyu ko uku su tafi rana ɗaya, da mutum guda mai rubuta abin da likita ya ce. Abin da mai gashin ƙashi ya nuna wa uwa ɗaya na motsa gaɓoɓi, ta dawo ta nuna wa sauran, amma kowane yaro a bi abin da aka ce a yi masa.

Ku sani kuma doka tana bayanku. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa. Ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida a kan mutumin da ya nuna musu bambanci. Doka a takarda ba ta buɗe ƙofar aji da kanta. Uwa ɗaya in ta je wurin hedimasta ana iya sallamarta da "sai wata shekara". Iyaye shida tare da shugaban ƙungiya da mai unguwa, za a ba su kujera.

Akwai tambayar da kowane mai irin wannan ɗa yake kwana da ita: in na mutu wa zai riƙe shi? Ba za mu iya cire ta duka ba, amma muna iya rage mata nauyi. Tun yana ƙarami a koya masa aikin da ya dace da shi. Yaron da ke son jera abubuwa yana iya zama gwanin ware albasa, manya dabam, ƙanana dabam, ruɓaɓɓu dabam. Wani zai iya ban ruwan komi, wani ba awaki dusa. Ƙungiya tana iya ba da tunkiya da sunan yaron, a rubuta a littafi cewa ita da 'ya'yanta nasa ne. Iyaye kuma su tara dangi tun suna da rai, a faɗi wanda zai riƙe shi da gonar da za ta ci da shi, a gaban shaidu.

Aikin ƙungiya kafin taro mai zuwa

A zaɓi dattijai mata biyu masu riƙon asiri. Su ziyarci kowace mace da aka samu sunanta ya ɓace daga littafi saboda ɗanta. Kada su je da taro, kada su je da magani, kada su ce "Allah ya ba shi lafiya" kamar sun zo dubiya. Su gai da yaron da sunansa. Su tambayi uwar abu biyu: wace sa'a ce ta fi yi mata wuya a yini, kuma ko za ta so ta sadu da wata mai irin ɗanta. In ta ce a'a, a bar ta, a koma bayan wata guda. A taro mai zuwa su faɗi yawan gidajen da suka yarda, ba tare da ambaton suna ba, sa'an nan ƙungiya ta tsai da gidan da za a fara zama da ranar gayyar gyaran danga.